Yadda A Ke Tsara Wa 'Yan Makaranta Wasa Mai Waƙa

Malamai da iyaye, sa'anda ranar rufe makaranta ta kusa, ko kuwa lokacin Kirsimati, mukan so yaran firamare su yi wasan kwaikwayo mai waƙa a gaban jama'a. Amma sau da yawa mun ga yara uku ko huɗu masu baki suna ta magana, sauran aji kuwa suna tsaye a baya kamar turaku. Yaron da aka bari haka yakan koma gida da zaton shi ba shi da amfani. Darasinmu na wannan wata shi ne yadda za mu tsara wasan domin kowane yaro ya sami rabo.

1. Mu fara da abin da yara su ke da shi

Ba baƙon abu mu ke kawo musu ba. A Kurmin Kogi da garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan, 'yan mata sun san gaɗa. A watan azumi kuma, daga kwana 10, yaran maƙwabtanmu Musulmi sukan bi gida gida suna tashe, irin su Jatau Mai Magani. A ciki akwai shiga, da kwaikwayo, da waƙa, da kiɗa, ba kuwa wanda ya rubuta musu. Ƙasar nan kuma ta ba da marubuci, watau Shu'aibu Makarfi, wanda aka buga wasanninsa Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Mutanen da ke cikinsu suna magana kamar yadda a ke yi a gida da kasuwa. Mu ma mu yi haka.

2. Labari tukuna, sa'an nan waƙa

Mu zaɓi labari ɗaya wanda za a iya faɗinsa a numfashi guda. Misali: Gizo ya saci rake a gonar wani tsoho, ya ɗora wa akuya laifin, har gaskiya ta fito. Mu raba shi kashi huɗu: sata, ƙarya, shari'a, da tuba. Kowane kashi waƙa ɗaya ta ishe shi, wasan duka kuwa kada ya wuce minti 25. Mu gwada kowace waƙa da wannan tambaya: in an cire ta, labarin zai ragu? In ba zai ragu ba, ado ce kawai, sai a fitar da ita.

3. Karin waƙa ya bi karin magana

Nan ne da yawa cikinmu mu ke tuntuɓe. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Wuyan da ke ɗauke da kai, murya takan fara sama ta sauko. Wuya ta wahala kuwa, takan fara ƙasa ta hau. In mun ɗauko karin wata waƙar Turai muka cusa masa kalmominmu, sai su karkace, tsofaffi su kasa gane abin da jikokinsu ke faɗi. Saboda haka mu rubuta baitin, mu faɗe shi da ƙarfi sau biyar ko shida muna tafi, mu saurari inda murya ta ke hawa da inda ta ke sauka. Karin yana nan a ciki, sai mu ja shi kaɗan. Mu kiyaye kuma kada ya yi sama ƙwarai, gama muryar babban mutum dabam ta ke da ta yaro. Kafin mu tsai da shi, mu sa yaro ya rera mu ji.

4. Amshi shi ne rabon kowa

Waƙar Hausa tana da mai bayarwa da masu amshi. Mu ba 'yan aji 5 da 6 baitoci, ƙanana kuwa mu ba su amshi gajere, kalma huɗu ko biyar. Mai jin kunya ya buga ƙwarya ko ya kaɗa caki. Mai i'ina sau da yawa bakinsa yakan sake in yana waƙa tare da wasu. Wanda ƙafa ta hana shi rawa, shi ne alƙali bisa kujera. Kada mu ba yaro matsayin da zai zama masa sunan ba'a daga baya. Ko ɓarawon cikin wasa, a bar shi ya tuba, ya shiga waƙar ƙarshe tare da 'yan'uwansa.

5. Koyarwa

Yara da kunne su ke koyo. A koya amshi tukuna, sa'an nan baiti, kiɗa daga ƙarshe. Minti 15 kowace rana ya fi sa'a biyu a ranar jajibiri. Mai ganga kuma ya sassauta hannu, gama iyaye muryar 'ya'yansu suka zo ji.

Tambayoyi

1. Wace tatsuniya ce ta garinku za ta rabu kashi huɗu?
2. Ku kawo kalmomi uku waɗanda ma'anarsu ke sakewa da hawa ko saukar murya.
3. Ku rubuta sunayen 'yan ajinku duka. Wane ne har yanzu ba shi da aiki a cikin wasan?