Zaɓen Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa Domin Ɗaliban Sakandare

Daga cikin mas'alolin da malamai masu kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo a makarantun sakandare suka fi kawo mini, musamman idan ranar raba kyaututtuka ta gabato kuma shugaban makaranta ya ce lalle a nuna wa iyaye wani abu, akwai wannan: wane wasa mai waƙa ya kamata a zaɓa, alhali kuwa yaran sun riga sun ƙwallafa rai a kan wani da suka gani a talabijin, malamin kuma yana jin nauyin ya hana su? Amsata a taƙaice ita ce, a fara duba yaran da Allah Ya hore wa makarantar, da muryoyinsu, da jama'ar da za ta zauna kallo, sa'an nan a nemo wasan da ya yi daidai da su. Domin galibin wasannin da suka watse a ranar nuni, asalin ɓacinsu tun daga ranar zaɓe ne, lokacin da shaharar wasa ta rinjayi hankalin mai zaɓe.

Wajibi ne tukuna a fahimci haƙiƙanin wannan fanni, domin fina-finan Indiya, da namu na Kano da suka bi sawunsu, sun saba wa yaranmu da waƙar da ake tsayar da labari a yi ta, a yi rawa, a canza tufafi, sa'an nan a koma inda aka tsaya, ta yadda ko an cire ta babu abin da zai ragu. A wasa mai waƙa na ainihi kuwa, waƙar ita ce take ɗauke da labarin, a cikinta mutum yake yanke shawara ko ya bayyana abin da ya ɓoye, har in aka fitar da ita sai mai kallo ya rasa dalilin abin da ya biyo baya. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu ko kaɗan. Duk wanda ya saurari tatsuniya a gaban kakarsa ya san cewa ba a ko'ina waƙa take shigowa ba, sai inda marainiya ta shiga ƙunci, ko inda tsuntsu zai tona asirin da mutane suka rufe, kuma yara masu sauraro su ne 'yan amshi. Haka nan wasannin tashe na watan azumi, irin su Jatau Mai Magani, kwaikwayo ne da waƙa da amshi a haɗe. Malamin da ya riƙe wannan ƙa'ida ya sami ma'aunin da zai auna kowane wasa da shi, na gida ko na waje.

Sharaɗi na farko shi ne murya. Kafin a ambaci sunan wani wasa, malami ya tara yaran ya sa kowa ya rera abin da ya iya, shi kaɗai, sa'an nan cikin jama'a, ya rubuta wanda muryarsa take hawa, da wanda take sauka, da wanda ba ya riƙe kari sai in yana bin wani. Ya kuma tuna cewa yaro namiji tsakanin shekara 13 zuwa 15 muryarsa tana cikin sauyin balaga, wanda ya rera da zaƙi a farkon zango yana iya wayar gari a ƙarshensa murya ta fashe, ba da laifinsa ba; saboda haka ɗora dukan wasa a wuyan yaro ɗaya mai irin waɗannan shekaru ganganci ne, kuma zalunci ne ga yaron.

A nan ne misalin wasannin ƙasashen waje yake da fa'ida. The Sound of Music, wanda Rodgers da Hammerstein suka tsara aka fara nuna shi a New York a 1959, labarin wata mai reno ne da yara bakwai a ƙasar Ostiriya gab da Yaƙin Duniya na Biyu, kuma makarantu da yawa a Amurka da Ingila suna son sa saboda tsabtar labarinsa. Amma nauyinsa kusan duka yana kan murya ɗaya ta mace, in babu ita wasan ya faɗi. West Side Story na 1957 ya fi wannan wuya nesa, gama kiɗan Leonard Bernstein da rawar da ke cikinsa ƙwararru ma sai sun sha fama. Wanda na fi so malamai su yi nazari a kansa shi ne Sarafina na Mbongeni Ngema, wanda ya fito a Johannesburg a 1987, Hugh Masekela kuma ya taimaka wajen kiɗansa, bisa tarzomar ɗaliban Soweto ta 1976 da suka ƙi a tilasta musu karatu da harshen Afirkans. Abin koyi a cikinsa shi ne 'yan wasan ɗalibai suke kwaikwayo, tufafinsu kayan makaranta ne, kuma ƙarfinsa yana cikin waƙar taro, inda murya talatin take rufa wa mai rauni asiri. Makarantar da take da yara arba'in masu sha'awa ta nemi wasa mai irin wannan gini, don kada biyar su yi wasa sauran su zama masu ɗaukar kujeru. Sai dai a sani, waɗannan wasanni duka suna da masu haƙƙin mallaka, nuna su a bainar jama'a yana bukatar izini, galibi kuma da biyan kuɗi, kuma bai dace makarantar da take koyar da amana ta fara da cin haƙƙin wani ba.

Saboda wannan dalili, da kuma dalilin harshe, ra'ayina ga mafi yawan makarantunmu shi ne su gina nasu. A ɗauki tatsuniya, wadda ba mallakar kowa ba ce, daga bakin tsofaffi ko a duba irin waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara a Tatsuniyoyi da Wasanni. Ko kuwa a nemi izinin mawallafa a ɗauki labari daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ko wasa rubutacce kamar Uwar Gulma, a nemi wurare biyar ko shida inda zuciyar mai magana ta cika har magana ta kasa ɗauka, a sa malamin Hausa da ɗalibai masu baiwar waƙa su tsara baitoci a nan. Kalangu ɗaya da ƙwarya da tafi sun wadatar, a makarantar 'yan mata kuma ga shantu; sun fi amo da aka naɗa a na'ura, domin makaɗi yana jiran yaro in ya yi jinkiri, na'ura kuwa ba ta jira, ga kuma wutar lantarki da ba a dogara da ita.

Sharaɗi na biyu, wanda malamai matasa suka fi sakaci da shi, shi ne maslahar jama'a. Malamanmu sun yi saɓani a kan hukuncin kiɗa tun da daɗewa, iyaye kuma suna da haƙƙi a kan tarbiyyar 'ya'yansu, don haka a kai wa shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai rubutun wasan da baitocinsa tun kafin a fara gwaji, a bayyana musu irin tufafin da za a sa, da yadda maza da mata za su tsaya in makarantar a haɗe take, a kuma karɓi gyaransu da kyakkyawar niyya. Inda aka ƙi kayan kiɗa, waƙa da amshi zalla suna iya ɗaukar wasa tun daga farko har ƙarshe, kuma muna da hujja a tarihi cewa waƙa hanyar ilimi ce, tun da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu da waƙoƙi ta ilmantar da matan karkara ta hannun malamai mata da ake kira jaji. Yarinyar da mahaifinta bai yarda ta hau dandali ba, kada a matsa mata, a ba ta aikin tufafi ko tsara baitoci.

Batun lokaci kuwa gajere ne: kada wasa ya wuce sa'a ɗaya da kwata, a ba shi mako takwas zuwa goma na gwaji, a fara da waƙoƙi kafin magana domin su suka fi jinkirin zama, a nisanci watannin jarrabawar WAEC da NECO ga 'yan ajin ƙarshe, kowane babban matsayi kuma a tanadar masa mutum biyu.

Game da jin daɗin kallo, shi ma abu ne da ake koyarwa. Kafin ranar nuni, malami ya zaga azuzuwa ya koya wa sauran ɗalibai amshin waƙa ɗaya ko biyu, ya gaya musu su lura da dalilin da ya sa wannan mutum ya bar magana ya koma waƙa a daidai wannan wuri, da abin da ya sauya a halinsa bayan ya gama. A gwajin ƙarshe kuma malamin ya je can bayan zaure ya zauna a kujerar da ta fi nisa, ba tare da lasifika ba, duk baitin da bai ji kalmominsa sarai ba a maimaita shi, ko a sauƙaƙa karinsa, ko a mayar da shi ga 'yan amshi.