Maganin Ƙwari da Noman Taki: Matsayin Masu Ƙaurace wa Cin Dabba

Gabatarwa

A shekarar 1944 Donald Watson da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar Vegan Society a Ingila. 'Yan wannan ƙungiya ba sa cin nama, ko kifi, ko ƙwai, ko zuma, ba sa shan madara, domin a ganinsu duk mai rai yana da haƙƙin kada a cuce shi. Manufar wannan muƙala ita ce ta duba wata tambaya da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya: wanda ya bar nama don tausayin dabba, yaya zai yi da hatsin da sai an kashe ƙwari kafin ya kai rumbu?

Illar Maganin Ƙwari

A 1939 Paul Müller, mutumin Suwizalan, ya gano cewa sinadarin DDT yana kashe ƙwari, har aka ba shi lambar Nobel a 1948. Amma a 1962 Rachel Carson ta fitar da littafinta Silent Spring, inda ta nuna cewa dafin ba ya tsayawa kan ƙwaron da aka nufa. Yakan shiga ruwa, kifi ya ɗauka, tsuntsu ya ci kifin. Daga baya aka tabbatar yana sa ɓawon ƙwan mikiya ya yi laushi, ya fashe kafin ƙyanƙyasa. Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. Haka kuma a 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magunguna 3 a fili saboda cutar da ƙudan zuma. Ke nan, hujjar masu wannan aƙida ta ƙin feshi tana da ƙarfi.

Matsalar Noman Taki

Mai karatu zai zaci noman da ba a sa masa sinadarin masana'anta shi ne mafita. Sai dai an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Da farko, takin irin wannan noma ya haɗa da kashin shanu da na kaji, da busasshen jini, da garin ƙashi daga mayanka. Wanda ya sayi kayan lambun ya tallafa wa mayankar da yake gudu. Na biyu, dokokin wannan noma sun halatta wasu magunguna, kamar wanda ake tatsa daga wani fure da ake nomawa a Kenya, alhali shi ma yana kashe ƙudan zuma da kifi. Na uku, yawancin gonakin nan amfaninsu bai kai na gonar takin zamani ba, don haka a kan buƙaci fili mai faɗi, garma kuwa ba ta tantance tana da ɓera.

Mafitar da Suka Nema

A 1996 aka kafa wata ƙungiya a Birtaniya mai koyar da noma ba tare da taki ko jinin dabba ba. Suna dogara da ruɓaɓɓen ganye, da shuka dangin wake don ƙara wa ƙasa ƙarfi, da sauya shuka shekara-shekara, da barin furanni a gefen gona don jawo ƙwarin da ke cin masu ɓarna. Duk da haka ƙwari suna mutuwa, bambancin kawai manomin bai ɗauki dafi ya nufe su ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya bayyana cewa babu abincin da ke zuwa akushi ba tare da wani rai ya salwanta ba. Ita kanta ƙungiyar ta san haka, shi ya sa ta shardanta guje wa cutarwa gwargwadon iko. Ma'aunin da ya rage shi ne a bambanta kisan tilas da na ganganci, sannan a tambayi kowace gona rai nawa ta ci, kuma nawa ne daga ciki da an so da an bari.