Ina Za Ta Kwana? Jan Kunne A Kan Matsugunin Matan Da Aka Cuta A Gidan Aure

Kowace shekara, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, hukumomi da ƙungiyoyi sukan ware kwana 16 domin yaƙi da cin zarafin mata. A yi taro, a yi jawabi, a shiga rediyo, a raba riguna da huluna. Ba mu raina wannan ƙoƙari ba. To amma idan taro ya watse, akwai tambaya guda da ake bari a ƙasa, ita ce kuwa dalilin buga wannan takarda. Matar da aka lakaɗa wa duka, ko aka watso mata kayanta waje da tsakar dare, ina za ta kwana yau, ina kuma za ta zauna gobe da 'ya'yanta?

Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko ji musu ciwo tun daga shekara 15 da haihuwa. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimako ba, ba su ma gaya wa kowa ba. Kada wani ya ɗauka daɗin dukan suke ji. Lissafi suka yi. Mace ta duba gidan ubanta ta ga ɗakin da ta bari an ba ƙaninta ya sa amarya. Ta duba hannunta ta ga ko kuɗin mota babu. Ta dubi yara huɗu. Sai ta ja bakinta ta tsuke, ta shafa man zafi, idan maƙwabciya ta tambayi abin da ya sami idonta ta ce ƙofa ta buge.

Babban haɗarin da muke so kowa ya riƙe shi ne mayar da mace wurin da aka cuce ta don kawai ba ta da wani wurin zuwa. Ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da masu kula da irin waɗannan mata a ƙasashe da dama sun daɗe da gane cewa lokacin da mace ta yunƙura za ta fita, da 'yan makonnin da ke biye, shi ne lokacin da ranta ya fi shiga haɗari. Mai duka ya ga abin da yake juyawa yana neman kuɓuce masa, sai ya ƙara ƙaimi. Idan kuwa ta fita, ta tona, sannan aka kamo hannunta aka mayar masa, to ya gane ba ta da kowa. Marin jiya ya zama taɓarya, taɓarya ta zama wuƙa. Akwai alamun da ba a wasa da su. Mutumin da ya taɓa shaƙe wuyan matarsa, ko ya zare mata makami, ko ya dake ta da ciki, ko ya furta cewa sai ya kashe ta, wannan ya wuce a ce zuciya ce ta ɗebe shi. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikin waɗannan, sannan ya ce da ita ta koma a daren nan, ya sani yana da kamasho a abin da zai biyo baya.

Mun san yadda abin yake gudana. Ta iso gida bayan sallar isha'i, goyo a baya, jakar Ghana-must-go a ka, leɓe a kumbure. Uwa ta fito ta riƙe baki. Uba daga zaure ya ce, "Ke kuma lafiya da daren nan?" Kafin ta gama bayani an soma yi mata karatun da ta haddace: "Ki yi haƙuri, 'yar nan, aure ibada ne. Mu ma haka muka zauna. Kina so a ce 'yata ta kasa zaman aure?" Washegari a haɗa ta da ƙanin uba ya raka ta, ko a jira mijin ya aiko biko da goro da turmin atamfa. Ba wanda ya ce a kai ta asibiti a duba haƙarƙarin da take dafewa. Ba wanda ya kira mijin ya ce, "Malam, zo ka faɗa mana dalili, ka kuma sa hannu gaban shaidu." Haƙuri abu ne mai girma a addini da al'ada, ba mu musa ba. Amma haƙurin da ake nufi na talauci ne da rashin lafiya da saɓanin hali. Ba a taɓa umartar wani bawa ya miƙa wuyansa a shaƙe ba.

Ku dubi yadda muke yi idan gobara ta tashi a unguwa. Kafin a ce kwabo maza sun fito da bokitai, samari sun hau katanga, mata suna salati suna janye yara. Idan wuta ta lafa, ba mai tsayawa ya tambayi matar gidan me ta yi wa wutar har ta kama. Ba mai ce mata ta koma ɗakin da ke hayaƙi ta kwanta, ai ɗakinta ne, ta yi haƙuri. Wannan ya ce ga ɗakin baƙina, ku shiga. Waccan ta kawo zani da hijabi, wata ta kawo tabarma, wata ta ɗora tukunya ta aiko da tuwo. Da safe liman ya yi sanarwa a masallaci, a yi karo-karo, mai kwano ya ba da kwano, mai buhun siminti ya bayar, kafinta ya ce aikinsa sadaka ne. Kuma ba a barin kowa ya koma sai an tabbata babu sauran garwashi a ƙarƙashin toka, an duba wayar lantarkin da ta jawo abin, an gyara. Jama'a, gidan da ake duka gida ne mai cin wuta, illa dai wutarsa ba ta hayaƙin da za a hango daga nesa. Me ya sa muka iya wancan muka kasa wannan? Me ya sa mai gobara take samun ɗaki da jaje, wadda aka karya wa hannu kuwa take samun tuhuma da rakiya zuwa inda ta fito?

Addini bai bar wannan magana a duhu ba. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta a lokacin idda, aya ta shida kuma ta wajabta wa miji ya ba ta mazauni daidai ƙarfinsa, ta hana shi ƙuntata mata. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, ko wadda aka yi wa sakin da babu kome tana da haƙƙin mazauni har ta gama idda. Idan mace ta tabbatar wa alƙali ana cutar da ita, yana da ikon raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Idan ƙara ta yawaita babu shaida, malamai sun ce alƙali ya zaunar da ma'auratan a tsakiyar mutanen kirki da za su sa ido su ba da shaida. Bayan rabuwa kuma, uwa ce ta fi cancanta da riƙon yara, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ci da sutura da wurin kwanan yaran kuwa suna wuyan uba. Saboda haka mutumin da ya rubuta saki a bayan kwalin sigari, ya ce "kafin in dawo kada in same ki," ya saɓa wa Allah kafin ya saɓa wa hukuma. Mu kuma da muka saba ganin haka har muka ɗauke shi al'ada, sai mu binciki kanmu.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. A watan Mayun 2015 aka sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP. A cikinta, korar miji ko mata daga gida da ƙarfi, ko hana shiga, laifi ne da ke jawo ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko duka biyun. Ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya, wato a hana mai cutarwa kusantar wadda ya cuta. Dokar tarayya a Abuja take aiki, hukumar NAPTIP ce ke kula da ita, amma jihohi da yawa, har da Kaduna da Bauci da Jigawa, sun yi tasu. Sai dai takardar kotu ba ta da rufi. Mace tana iya riƙe da umarnin alƙali a hannu, ta kwana a barandar tasha.

Nan ne aikin masu nema wa irin waɗannan mata matsuguni ya shigo. Wasu na cewa wannan baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai don a kashe aure. Gaskiya ne a 1971 wata mata mai suna Erin Pizzey ta buɗe gidan fakewa a unguwar Chiswick ta birnin Landan, daga nan irinsa suka bazu. Gaskiya ne kuma ƙungiyar Project Alert ta buɗe gidan Sophia's Place a Legas a 2001. Amma tun kafin Landan ta san da wannan, sahabi Zubairu ɗan Awwamu ya yi waƙafin gidajensa, ya ce duk 'yarsa da aurenta ya mutu tana da ikon zama a ciki. A birnin Alƙahira, a shekarar 1285, 'yar Sarki Baibars ta gina wani gida da aka sani da Ribaɗul Bagadadiyya, inda matan da aka saka ko aka ƙaurace wa suke zama ƙarƙashin kulawar wata malama har su yi wani aure ko su daidaita da mazansu. A ƙasar Hausa ma, gidan mai unguwa da na dagaci da na alƙali nan ne mace ke fakewa idan abin ya fi ƙarfinta, ba kuma mai iya bin ta can da sanda. Abin da muka gada ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

A yau akwai cibiyoyi irin su Salama a Kaduna, da Waraka a Kano, da Nana Khadija a Sakkwato, waɗanda ke duba lafiyar wanda aka ci wa zarafi, su ba shi shawara, su haɗa shi da hukuma. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da ƙungiyoyin WRAPA da FOMWAN, da hukumomin Hisba, da ma'aikatun mata na jihohi. Amma ɗakunan kwana sun yi kaɗan ƙwarai, kuma zaman gidan fakewa na ɗan lokaci ne. Wahalar tana farawa ranar da aka ce mace ta nemi haya.

Ku biyo ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta ɗauko irin wannan mata zuwa wurin mai gidan haya. An ga ɗaki ciki da falo, an yi ciniki. Sai mai gida ya gyara zama ya ce, "To Hajiya, ina maigidan nata?" A ce babu. Ya ce, "Gaskiya ni ba na ba mace zalla haya, kada a mayar mini da gida dandali." Ma'aikaciyar ta ce, "Alhaji, a yi mana rai. Ga takardar mai unguwa, ga yayanta zai tsaya mata, ga lambar ofishinmu." Idan Allah ya sa ya sauko, sai a dawo kan kuɗin shekara guda a dunƙule, da la'adar dillali, ga mace ko tabarma ba ta fito da ita ba. Daga nan a koma kotu neman kuɗin ciyar da yara, a samo ɗan sanda ko ɗan Hisba ya raka a kwaso kayan ɗakinta, gado da katifa da kwanuka da keken ɗinki, waɗanda dukiyarta ce da iyayenta suka yi mata, miji ba shi da ko cokali a ciki. Aiki ne na zirga-zirga da lallashi, ba ya fitowa a talabijin.

Ku masu gidajen haya, ku ji tsoron Allah. Mutuwar aure ba shaidar lalacewa ba ce, sau da yawa ma wadda kuka hana ɗaki ta fi wanda kuka ba kamun kai. Ku iyaye, 'yarku ba ta daina zama 'yarku ba ranar da aka shafa fatiha. Wanda ya iya cin bashi ya yi gara, ya iya gyara ɗaki guda ya ajiye ta har a ga abin da hali zai yi. Ku masu hali da ke gina masallaci na uku a layi ɗaya, ku tambayi malamai ladan waƙafin gida ga mata da marayu. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano suna da hurumin karɓar irin wannan, su kuma biya wa mabuƙaciya hayar shekarar farko. Ku kuma masu dogon baki, wanda ya san inda aka ɓoye mace ya je ya tsegunta wa mai nemanta da sharri, ya ci amana, kuma idan jini ya zuba ba zai wanke hannunsa ba.

Sauran abubuwan sanannu ne, ba sai mun ja su ba. A kai matar asibiti tun raunin yana ɗanye, a karɓi takardar likita, don ita ce shaida a gaban alƙali. Ta adana katin shaidarta da katin banki da takardun haihuwar yara a wurin wadda ta amince da ita. A nema wa yara makaranta kusa da inda suka koma, a sama mata jari ko sana'a don hayar shekara ta biyu tana tafe. Namijin da aka cuta, ko tsohon da 'ya'ya suka kora, su ma dokar VAPP ta ba su kariya. Idan kuma daga baya ana son sulhu, a yi shi tana zaune a inda take da aminci, a gaban mai unguwa ko alƙali, a rubuta sharuɗɗa, a sa wanda zai riƙa leƙawa, kuma ita ce za ta faɗi da bakinta ko za ta koma.