Nazarin Kasuwa: Dabarun Sayar wa Maza Turare

Binciken masana ya nuna cewa mata sun ɗan fi maza iya tantance ƙamshi, amma tazarar ba ta da yawa. Rabon da ake gani a kantuna, inda ake ware wa mata ƙamshin furanni, maza kuma na itace da lemo, galibinsa al'ada ce wadda masu talla suka ƙarfafa.

A Turai da Amurka, kamfanoni sun daɗe suna fama da mazan da suka ɗauki turare a matsayin kayan adon mata, saboda haka suka shigo da shi ta hanyar aski. Kamfanin Shulton na Amurka ya fara fitar da Old Spice ne domin mata a shekarar 1937. A 1938 ya fitar da na maza, haɗe da sabulun aski da ruwan shafawa bayan aski, da hoton jirgin ruwa a jikin kwalba. Da sunan kayan aski namiji ya riƙa saye ba tare da jin kunya ba.

Sanin wanda ke biyan kuɗin ma yana da muhimmanci. A 2010, kamfanin Procter & Gamble, wanda ya sayi Old Spice a 1990, ya lura cewa mata ne ke saya wa mazajensu sabulun wanka mai yawa, don haka ya tsara tallan da ke magana da matan kai tsaye, kuma ciniki ya haɓaka. Shi kuwa Calvin Klein, tun a 1994 ya fitar da CK One domin maza da mata baki ɗaya, ya kuma samu karɓuwa.

Wannan lissafi bai yi daidai da kowace kasuwa ba. A ƙasashen Larabawa maza na shafa wardi da udu ba tare da wani tunani ba. Haka nan a ƙasar Hausa namiji ba ya buƙatar lallashi, domin shafa turare ranar Juma'a sunna ce. Abin da yakan tambaya shi ne ko akwai sinadarin barasa a ciki, da ko ƙamshin zai daɗe a jikin babbar riga. Turaren Bint el Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na London ya ƙirƙiro a 1920, na mai ne marar barasa, kuma maza da mata duk suna saye. Ɗan kasuwar da ya yo odar kwalabe masu tsada bisa tallan Turai kaɗai, bai duba waɗannan tambayoyi biyu ba, yana iya tarar da jarinsa ya kwanta a kanta har bayan Sallah.