DARASI: TATTALIN GIDA DA WUTAR ƊARI A LOKACIN TSADA

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinSa rani da damina. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi tukunya da murhu. Dattawan cikinmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, sa'ad da aka rage darajar sefa da rabi, aka wayi gari duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Matasa kuma sun ga irin haka a 2023, da aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafa da man girki suka hau. Abin da ya hau kuwa ba kasafai yake komawa inda ya taso ba. Ga kuma ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da gida ke cin icce fiye da kowane lokaci, saboda ruwan wanka da na alwala da jin ɗumi. Idan abin hannu ya kasa, tilas a rage wani abu. To, me shari'a ta ce a fara ragewa?

1. MA'AUNI

Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 67 ta Suratul Furƙan, Ya yabi bayinSa da tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro wajen ciyarwa. A aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙi kuma Ya ɗora wa kowane magidanci ciyarwa gwargwadon ƙarfinsa. Saboda haka tattali ibada ne idan an kyautata niyya, rowa kuwa aibi ce ko da an kira ta tattali. Mai tattali ɓarna yake toshewa, marowaci kuwa haƙƙin wani yake dannewa.

2. ICCE HAƘƘIN IYALI NE

Shehu Halil, a babin nafaƙa na littafinsa Muhtasar, ya lissafa abin da ke wajaba kan miji ga matarsa. Bayan abinci, ya ambaci ruwa da mai da icce da gishiri, da nama lokaci zuwa lokaci, da tufafin ɗari da na zafi. Mu lura, icce yana cikin lissafin. Magidancin da ya auna tiyar hatsi ya miƙa, ya kaɗa riga ya fita, ya bar uwargida da neman abin da za ta hura wuta, bai sauke nauyinsa ba matuƙar yana da hali. Sau da yawa kuɗin ɗan fura ko ƙosan da take sayarwa ne ke tafiya a icce, ko kuwa a hana yarinya zuwa makaranta a tura ta daji tsintar ƙirare. Idan matar ta taimaka da yardarta, sadaka ce, Allah Ya ba ta lada. Amma ba a mai da kyautatawarta ta zama wajibi a kanta.

3. INDA ZA A FARA RAGEWA

Da yawa daga cikinmu mun juya lissafi. Da zarar tsada ta zo, sai mu rage kuɗin cefane, mu ce bargon yara sai baɗi, alhali shayin fada na nan da sukarinsa da gawayinsa, kuɗin kiran waya bai ragu ba, ankon biki kuwa ko da bashi sai an ɗinka. Ana sayar da hatsi da kaka yana araha don hidimar suna ko aure, sannan a dawo da damina a saye shi da tsada. Annabi Yusufu (A.S.) ya koya wa mutanen Masar ajiye hatsi a zangarniyarsa don shekarun fari, kuma rumbunmu a kan wannan hikimar yake. Kowane magidanci ya zauna da iyalinsa, ya lissafa abin da ke fita a mako guda, ya kasa shi uku: wajibi, da buƙata, da abin burga. Daga na ƙarshe ake fara yanka. Ragon suna sunna ne, amma makaɗa da tara jama'a kwana biyu ana ci babu wanda ya ɗora mana su sai kunyar idon mutane.

4. TATTALIN MURHU

Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska. Tun shekarun 1980 aka yaɗa murhunan zamani a ƙasar nan, na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi da na laka da ake kira Albarka, waɗanda ke tare wuta a gindin tukunya. Na lakar, mace na iya gina shi da hannunta idan an nuna mata. Wanda ke birni kuma yana da hali, ya gwada lissafin iccen wata guda da na tukunyar gas, tun da matatar man Damagaram tana fitar da gas tun 2011. Akwai kuma gawayin ƙasa na Anu Araren, a inda ake samunsa.

Ga wasu dabaru da ba su cin ko dala: a faskara icce a shanya shi, domin ɗanye hayaƙi yake yi, a kare murhu daga iska, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a kashe bakin wuta da zarar an sauke. Baƙar jarka da aka ajiye a rana tun hantsi tana ɗumama ruwan wankan yamma. Annabi (S.A.W.) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Wanda ya bi wannan sunnar, ɗan ruwan da zai ɗumama ba ya cin icce. Manomi kuma ya bar kututturen da suka toho a gonarsa, ya riƙa sassabe musu rassa, kamar yadda manoman jihar Maraɗi suka shahara da yi: ga iccen girki, ga kariya daga iska. Ƙona kashin shanu kuwa cinye takin baɗi ne.

5. WUTAR ƊARI

A nan ne tattali ke iya jawo asarar rai. Don kada ɗumi ya fita, wasu kan shigar da kaskon garwashi ɗaki, su toshe ƙofa da taga, su kwanta. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa yana iya zarcewa bai farka ba. Duk wanda aka samu a wannan hali, a fitar da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari (R.A.) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.), sai ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umarni a kashe ta idan za a yi barci. To, a ji ɗumi kafin kwanciya, sannan a fitar da kasko a kashe, musamman a ɗakin kara da inda ƙananan yara ke rarrafe. Bargo da rigar sanyi sau ɗaya ake sayensu su yi shekaru, gawayi kuwa kullum sai an saya. Mara lafiya ko tsohon da ke tsoron ruwan sanyi zai cutar da shi, kuma bai sami abin ɗumama shi ba, shari'a ta sauƙaƙa masa ya yi taimama.

6. MAƘWABTAKA

Nana A'isha (R.A.) ta ba da labari cewa akan yi wata biyu ba a hura wuta ba a ɗakunan Annabi (S.A.W.), sai dabino da ruwa, da madarar da maƙwabtansu Ansaru ke aikowa. Wanda murhunsa ya kwana da sanyi kada ya ɗauka Allah Ya wulaƙanta shi. Wanda nasa ke ci kuma ya tuna da Ansaru. Annabi (S.A.W.) ya yabi Ash'ariyawa saboda idan abincinsu ya ƙaranta sukan haɗa abin da ya rage su raba daidai. Gida huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su sayi buhu ko amalanken icce su raba, ya fi musu sauƙi bisa sayen tiya-tiya da ƙulli-ƙulli. Kwamitin kowane masallaci kuma ya bincika gidajen marayu da tsofaffi da makwancin almajirai na unguwarsa tun kafin ɗari ya kankama.

Allah Ya sa albarka a cikin kaɗan ɗinmu, Ya yaye mana tsada, Ya tsare mu daga gobara, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin iyalanmu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.