Durban, birnin hutu a bakin teku

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Yaro yana iya girma a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ko tabki faɗi ba. Amma akwai garuruwan da ke zaune a bakin teku, har mutane kan yi doguwar tafiya don su je su huta a can. Ɗaya daga cikinsu shi ne Durban, a ƙasar Afirka ta Kudu.

Inda birnin yake

Durban yana gabashin Afirka ta Kudu, a lardin KwaZulu-Natal, bakin Tekun Indiya. Zulawa, mutanen wurin, suna kiran shi eThekwini. A shekarar 1824 waɗansu ƴan kasuwa Ingilishi suka sauka a wurin, suka zauna. A 1835 aka sa wa garin sunan gwamnan Turawa na lokacin, Benjamin D'Urban. Yau tashar jiragen ruwa ta Durban tana cikin manyan tashoshin Afirka.

Birnin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, Nijar kuwa tana arewa da shi. Don haka lokatan shekara sun saɓa. A watan Disamba, sa'ad da hunturu ke busawa a Damagaram, yara suna jin ɗumin wuta da safe, a Durban lokacin zafi ne da ruwan sama. A watan Yuli, sa'ad da manoman Maraɗi ke cikin noma, a Durban lokacin sanyi ne, ruwan sama kaɗan. Amma sanyin ba mai tsanani ba ne. Ruwan da ke sauka a birnin cikin shekara ya kai kusan milimita 1000, wato ya ninka na Damagaram fiye da sau biyu.

Abin da ke jawo baƙi

Babban arzikin Durban shi ne ɗumin tekunsa. Akwai wani ruwa mai ɗumi da ke gudana cikin teku kamar kogi, daga arewa zuwa kudu, yana bin gaɓar ƙasar. Ana kiran shi Agulhas. Shi ya sa ake iya wanka a tekun Durban rani da damina.

Bakin ruwan rairayi ne mai laushi. Bayansa akwai doguwar hanya ta masu tafiya a ƙasa, da manyan masaukan baƙi. Waɗansu Zulawa suna jan keken ɗaukar mutane da hannu, sun sha ado da duwatsun wuya da ƙahoni a kai. A ƙarshen hanyar, wajen kudu, akwai gidan kifaye mai suna uShaka, wanda aka buɗe a 2004. A can baƙo yakan tsaya bayan madubi mai kauri, ya ga kifaye suna yawo dab da fuskarsa. Wajen arewa kuma akwai filin ƙwallo na Moses Mabhida, inda aka yi waɗansu wasannin cin kofin duniya a 2010.

A watannin Yuni da Yuli wani abin mamaki kan faru. Sardin, irin kifin nan da ake sayarwa cikin gwangwani a kasuwanninmu, yakan taso daga kudu, miliyoyi a haɗe, har ruwa ya yi baƙi. Tsuntsaye suna faɗo masa daga sama, manyan kifaye suna bin shi daga ƙasa, mutane kuma suna jira a gaɓa da taru da kwanduna.

Cikin gari baƙo zai ga Indiyawa da yawa. Tun daga 1860 Turawa suka riƙa kawo kakanninsu cikin jiragen ruwa don aikin gonakin rake. Waɗansu kuma suka zo ciniki, suka gina masallatai da kantuna. Suna da wani abinci da ake kira bani cau: a yanka burodi, a ƙwaƙule cikinsa, a zuba miya mai yaji, a ci da hannu.

Teku ba wurin ganganci ba ne

Ruwan teku gishiri gare shi, ba a shan shi. Igiyarsa tana da ƙarfi, tana iya janye ko gwanin iyo zuwa can ciki. Saboda haka masu tsaron bakin ruwa sukan kafa tutoci biyu a kan rairayi, a tsakaninsu kaɗai aka yarda a yi wanka. Akwai kuma wani babban kifi mai kaifin haƙora, ana ce masa shak. Tun 1952 aka fara sa raga cikin ruwa don a kare masu wanka daga gare shi. Sai dai ragar takan kama kunkurun ruwa da waɗansu dabbobin da ba su cutar kowa. Lokacin zuwan sardin akan cire ta, a hana wanka sai kifin ya wuce.

Ruwan sama ma yakan yi ɓarna. A watan Afrilu na 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 400 a Durban da kewayensa, ta fasa hanyoyin ƙazantar gari, har aka rufe wuraren wanka na wani lokaci.

Bakin ruwan na wane ne?

Ba kullum ba ne kowa ke da ikon taka wannan rairayi. A zamanin mulkin wariyar launin fata, wata doka ta 1953 ta raba wuraren jama'a tsakanin farare da sauran mutane. Wuraren wanka mafi kyau, na kusa da gari, aka keɓe wa farare. An kafa alluna a bakin ruwa, an rubuta hanin da Ingilishi da Afirkans da harshen Zulu. Baƙar mace tana iya goyon ɗan Bature zuwa bakin teku, amma ɗanta na cikinta ba shi da ikon shiga ruwan.

Mutane ba su yarda da wannan zalunci ba, suka yi ta gwagwarmaya. A watan Nuwamba na 1989 aka buɗe bakin teku ga kowa. Ranar 27 ga Afrilu, 1994, Nelson Mandela ya jefa ƙuri'arsa ta farko a Inanda, kusa da Durban. A watan Yuli na 2002 kuma, a wannan birni aka ƙaddamar da Tarayyar Afirka, wadda Nijar ke cikinta.

Yanzu, ranar 26 ga Disamba da ranar sabuwar shekara, dubban iyalai sukan cika bakin ruwa, baƙaƙe da farare da Indiyawa, har rairayi ya ɓace a ƙarƙashin ƙafafu. Tsofaffi da yawa cikinsu suna tune da allunan nan. Sukan zauna a gaɓa, suna kallon jikokinsu cikin ruwan da aka hana su shiga suna yara.

Ma'anar kalmomi

Gaɓa: bakin teku ko kogi.
Taru: babbar ragar kamun kifi.
Ambaliya: ruwa mai yawa da ke malale gari da gonaki.
Wariyar launin fata: raba mutane saboda launin jikinsu.

Tambayoyi

1. A bakin wane teku Durban yake?
2. Don me ake zafi a Durban sa'ad da ake hunturu a Nijar?
3. Me ya sa ruwan tekun Durban ke da ɗumi?
4. Mene ne amfanin ragar da aka sa cikin ruwa, mene ne kuma aibinta?
5. Me ya faru a 1989?

Aiki

Ku zana taswirar Afirka cikin littattafanku. Ku nuna Nijar da Afirka ta Kudu, da Tekun Indiya, da layin da ya raba duniya biyu.