Malafar hayaƙi a ɗakin girki

Mai gida, shiga ɗakin girkin gidanka ka ɗaga kai. Ka ga kunkunniyar da ta baƙanta rufi? Hayaƙin da ya yi wannan aiki, shi ne matarka take shaƙa safe da maraice, ita da yaron da take goye da shi. Yana kawo tari da ciwon ido, yana kawo ciwon huhu ga ƙananan yara. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya.

Da rani mata da yawa a fili suke girki, iska na kwashe hayaƙin. Wahalar tana zuwa da damana da lokacin ɗari, sa'ad da ake shigar da murhu ɗaki. Murhun zamani, irin Mai Sauƙi na ƙarfe ko Albarka na laka, yana rage cin icce, amma ba shi da bututu. Hayaƙin da ya rage cikin ɗaki yake tsayawa. Nan ne malafar hayaƙi take da amfani.

Mene ne malafar hayaƙi? Tol ne ake naɗewa kamar mazurari a kife, a kafa shi bisa murhu, a haɗa shi da bututu mai fita waje. Hayaƙi mai zafi sama yake nufa. Malafa ta tara shi, bututu ya fitar da shi.

In ka je Maraɗi ko Yamai za ka iya ganin wata iri a kanti, mai fanka da fitila. Kada ƙyallinta ya ruɗe ka. An yi ta ne domin murhun gaz ko na lantarki, kuma in babu wuta ba ta aiki. Wasunsu ma ba su da bututu, iskar kawai suke tacewa su maido ta cikin ɗaki. Wannan ba ta mai girki da icce ba ce. Taka tana wurin maƙerin kasuwa, wanda ke yin murhu da akwati da tsohon tano.

Kafin ka je wurinsa, auna murhunka. Malafa ta fi murhu faɗi da taƙi guda kowane gefe, don hayaƙi yana bazuwa in ya tashi. A rufe ta ta baya da gefe biyu har ƙasa, da tol ko da laka, a bar gaba kawai. Sai maganar tsawo, kuma a nan kada ka yanke shawara kai kaɗai. Kira uwargida ta ɗora babbar tukunyarta, ta riƙe muciya kamar tana tuƙa tuwo. In malafa ta yi ƙasa, muciya za ta riƙa bugunta, kuma kwana kaɗan za ka tarar an maida murhu wani lungu. In ta yi sama da yawa, hayaƙi zai kauce mata. Kamu ɗaya da rabi daga bakin tukunya, wato wajen santimetir 75, yakan isa, amma hannun mai tuƙi ne alƙali.

Bututu ya zama mai faɗin santimetir 15, ya miƙe sama sak. Kowace lanƙwasa tana rage masa ja. Ya ɗara rufi da santimetir 60 ko fiye, a sa masa ƴar hula don ruwan sama.

Yanzu dubi irin rufinka. In soro ne, a huda, a kewaye bututu da laka mai kauri, kada ya taɓa azara, a liƙe da kyau don kada ɗaki ya yi yoyo. In jinka ce ta ciyawa ko ta kara, kada ka ratsa ta da bututu ko kaɗan. Tol yana zafi, tartsatsi yana bin hayaƙi, kuma kowa ya san yadda gobara take cin gari da iskar ɗari. Mai jinka ya fitar da bututunsa ta bango, nesa da ciyawa. In hakan ba ta yiwuwa, ya fi masa ya buɗe tagogi biyu masu duban juna, ko ya yi rumfar girki a waje.

Abu guda da ake yawan mantawa: hayaƙi ba ya fita sai in iska tana shiga. In ka toshe ƙofa da asabari don sanyi, malafa za ta daina ja. Bar ƴar kafa a ƙasan bango, ko ka bar ƙofa a buɗe kaɗan. Haka nan kaskon gawayi: ba ya hayaƙi da yawa, amma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Kada a kwana da shi cikin ɗaki a rufe.

Ranar da aka kafa malafa, hura wuta da busasshen icce, ka tsuguna inda mai girki take zama. In idonka ya yi yaji, a rage tsawon malafa kaɗan ko a ƙara wa bututu tsawo. Daga nan, duk wata a ɗaura tsumma a kan sanda a share cikin bututu, don kunkunniyar da ta taru tana toshe shi, tana kuma kama wuta.